Yadda unguwa za ta riƙe mai doguwar jinya ba tare da an bar wa mace ɗaya ba

Satin farko da aka sallamo mara lafiya daga asibiti gidan cika yake, takalma har bakin zaure, mai lemo da ayaba, mai kular farfesu, mai katan ɗin Maltina, kowa sannu sannu Allah ya ƙara sauƙi Allah ya sa kaffara ne. To ku koma gidan nan bayan wata biyu ku gani. Mace ɗaya za ku tarar, ko matarsa ko mahaifiyarsa ko wata ƙanwa da aurenta ya mutu aka ce ai ke kina zaune ba abin da kike, ita ce wanki, ita ce juya shi, ita ce asibiti, ita ce kiran 'yan uwa a waya tana roƙon kuɗin magani har an fara ƙin ɗaga wayarta. Mu gwanaye ne a dubiya amma jinya mai tsawo tana ba mu kashi, kuma ba rashin tausayi ba ne, rashin tsari ne kawai.

Ina magana ne a kan ciwon da ba na sati ɗaya ba. Mai HIV da jikinsa ya yi ƙasa sosai kafin a gano ko ya daina shan magani ciwon ya dawo masa, mai ciwon daji wato kansa, wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, mai zuwa wankin ƙoda, mai ciwon zuciya da ƙafafu suka kumbura, mai sikila da kullum ana hanya. Akwai wani ɓangare na aikin lafiya da aikinsa kenan, rage wa irin waɗannan mutane raɗaɗi da wahala da damuwa su da iyalansu ko ciwon zai warke ko ba zai warke ba, har babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar a 2014 cewa kowace ƙasa ta saka shi cikin tsarin lafiyarta. Kuma kar wani ya ɗauka sai wanda aka fidda rai ake yi wa. Mai HIV da aka kawo ranga-ranga, in ya samu magani da abinci da wanda zai tsaya masa, cikin 'yan watanni sai ka gan shi ya koma kasuwa kamar ba shi ba. Idan likita ya ce ku tafi gida ba wani aiki da za a ƙara yi masa, wannan ba ya nufin aikinku ya ƙare, a lokacin ma ya fara.

Kafin komai, ku tambayi mai ciwon

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a buɗe guruf a WhatsApp, kafin a sanar a masallaci, wani da ya yarda da shi ya zauna da shi su biyu ya tambaye shi, Yaya me ya fi damunka yanzu, wa kake so ya shigo maka wa ba ka so, wa ya san abin da ke damunka. Za ku sha mamakin amsa. Kai kana tunanin magani, shi abin da ya hana shi barci kuɗin makarantar yara ne ko bashin da ake bin sa a kasuwa ko kunyar 'yarsa ce ke kwashe masa fo.

Maganar sirri kuma ba wasa, musamman a HIV. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, wato ba unguwar da za a ce babu, amma har yau mace tana iya rasa aurenta, mai sayar da abinci ta rasa masu saye, saboda magana ɗaya da ta fita daga bakin wata maƙociya. Akwai doka ta 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV wariya da fallasa su ba da izininsu ba, amma doka ba ta maido da aure in ya mutu. Shi mai ciwon ne kaɗai ke da ikon faɗa. Kuma gaskiya ba sai ka san sunan ciwon mutum ba kafin ka kai masa kunu ko ka kai shi asibiti a mashin ɗinka. Duk wanda ya dage sai ya ji "wai me likitoci suka ce ne" kafin ya taimaka, gulma ta kawo shi. Abin da ake so mutum ɗaya ko biyu su san komai, wanda ke ba da magani da wanda ke raka shi asibiti, sauran a ce musu jinya ce mai tsawo shikenan. Miji ko mata kuwa dole su sani don su ma a gwada su, in ya kasa faɗa da bakinsa masu ba da shawara a asibiti sun saba, a je tare su taya shi faɗa.

Su kuma waɗanda suka sani a cire musu tsoro tun farko. Ba a ɗaukar HIV ta cin abinci kwano ɗaya, ko kofi, ko buta, ko banɗaki, ko musabaha, ko cizon sauro. Ware masa kwano da cokali ba kariya ba ce, cin fuska ne kawai kuma yana gani.

Raba aikin

Ba a bukatar ƙungiya mai shugaba da sakatare da hatimi. Mutum biyar ko shida masu cika alkawari sun isa, kuma kowa a ba shi abu ɗaya takamaimai mai rana da lokaci. Matsalar "in ana bukatar wani abu a kira ni" ita ce ba wanda zai kira ka, kunya ba za ta bari ba. Amma in aka ce Talata da Juma'a abincin dare daga gidan wane yake, wane mai Keke Napep shi ke kai su asibiti ranar kilinik, wance tana zuwa bayan azahar ranar Asabar ta zauna mai jinya ta samu ta yi barci ko ta je kitso, saurayin gidan can shi ke ɗebo ruwa, to wannan shi ake kira taimako. Maza su shigo ciki dan Allah. Namiji baligi da ba ya iya tashi, ɗaga shi da yi masa wanka da aski aikin 'yan uwansa maza ne da abokansa na majalisa, ba a bar wa mace mai goyo tana ciccibar ƙato har bayanta ya tafi ba.

A sayi littafi na 'yan makaranta a ajiye kusa da shimfiɗarsa. A ciki ake rubuta sunan kowane magani da lokacin da aka ba shi, ranar komawa asibiti, lambar nas ko ma'aikacin da ke bibiyarsa, ya ci ko bai ci ba, ya yi bayan gida ko bai yi ba, ya yi zazzaɓi. Ranar asibiti a tafi da shi. In sunan maganin zai tona asiri sai a rubuta "na dare" kawai.

Kuɗi kuma nan ne zumunci ke lalacewa. Mutum ɗaya ya riƙe, ba mai jinyar ba, kuma duk abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a tura wa masu bayarwa. Ƙaramin abu da ke zuwa duk wata ya fi dubu hamsin da za a tura sau ɗaya a ɓace, saboda haka a nemi 'yan uwan da ke Legas ko Abuja ko Saudiyya su yanka wa kansu abin da za su iya duk ƙarshen wata ko kaɗan ne. A tambayi ofishin walwala na asibitin, manyan asibitoci suna da shi kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. A gwada hukumar zakka ta jiha, Kano da Sakkwato duk suna da ita, a gwada kwamitin masallaci ko coci, a bincika inshorar lafiya ta jiha irin KSCHMA a Kano ko akwai gurbin marasa ƙarfi. Abin da ni dai ba na so shi ne ɗaukar bidiyon mara lafiya tsirara-tsirara ana yawo da shi a Facebook da TikTok da lambar asusun banki a ƙasa. In dole ta sa, da izininsa, a rufe masa jiki, kuma ba a faɗin abin da bai yarda a faɗa ba.

Maganin HIV

Shi maganin kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati da na mishan da aka ware, yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ake kira TLD. Aikin mai taimako ya tabbatar ana sha kullum a lokaci guda, a haɗa shi da abin da ba a mantawa kamar bayan sallar isha ko a sa alam a waya. In an manta aka tuna a sha, amma ba a haɗa biyu don ramuwa. Wanda jikinsa ya daidaita ana iya ba shi na wata uku har shida a lokaci ɗaya, ku tambaya, yana rage kuɗin mota. Kar a jira sai kwalba ta ƙare, in saura na sati biyu a fara shiri, mun ga yadda hankalin mutane ya tashi a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, wanda yake da ragowa a hannu shi ya samu barci. In za a yi tafiya, ko biki ko ci-rani ko gudun hijira, kati da magani su fara shiga jaka.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi da farin ruwan nan na gyambon ciki suna hana TLD shiga jiki yadda ya kamata in an sha su tare, a faɗa wa mai ba da magani ya tsara tazara. Na biyu, in an ɗora shi a kan maganin tarin fuka dole asibitin HIV su sani don akwai ƙarin da ake yi. Shi tarin fuka shi ne ya fi kashe masu HIV, saboda haka tari, zufan dare, rama, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, a kai majina gwaji, gwajin da maganin duk kyauta ne, wata shida ake sha kuma ba a tsayawa don an ji sauƙi. Septrin da ake haɗa musu shi ma ba na ado ba ne, yana tare cututtuka da yawa.

Bayan wata shida da farawa ana gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, a sake in an cika shekara da farawa, daga nan duk shekara. Ku riƙa tambayar sakamakon, kar a ɗebi jini a yi shiru. In ƙwayar ta kwanta har ba a ganinta a gwaji kuma aka ci gaba da shan magani, mutum ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya, mace kuma da kulawar asibiti tana haihuwar ɗanta lafiya ta shayar da shi. Wannan labarin kaɗai na ga ya tayar da mutumin da ya juya fuska bango ya daina magana. Kuma a haɗa shi da irinsa, kusan duk asibitin da ke ba da maganin akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar da ke haɗuwa, yawanci ƙarƙashin NEPWHAN, uwar ƙungiyar masu HIV ta Najeriya, abin da wadda ta shekara goma tana shan magani ta aurar da 'ya'ya za ta faɗa masa ya fi wa'azinmu duka shiga.

Ciwo ba abin da za a ce a yi haƙuri kawai ba ne

Nan ne na fi so a tsaya. Mun saba mutum yana murƙususu ana ce masa daure, ka yi ta salati. Salati a yi, amma ciwo yana da magani, kuma barin mutum cikin azaba alhali akwai abin da zai sauƙaƙa masa ba tawakkali ba ne. Da yawa daga cikin dattawanmu ba za su ce yana ciwo ba, an horar da su a kan dauriya, sai dai ka lura da haɗe gira, cije leɓe, ƙin motsi, ƙin abinci, rashin barci. Tambaye shi da yatsu, Baba in babu ciwo sifili ne, in ciwon da ya fi kowanne biyar ne, yanzu nawa, a rubuta a littafin nan safe da yamma. Likita ya fi gane wannan da "jikin dai da sauƙi" da muke cewa ko mutum na mutuwa.

Tsarin da likitoci ke bi hawa-hawa ne. Ƙaramin ciwo farasitamol, babba yana shan ƙwaya biyu duk awa shida, kar ya wuce takwas a yini, wanda ya rame sosai ko mai ciwon hanta ƙasa da haka. Diclofenac da ibuprofen da duk haɗe-haɗen nan na kemis da 'yan talla da ake cewa na ciwon jiki, a yi hattara, suna cin ƙoda suna tayar da gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya kar ya kusance su, mai shan TLD ma kar ya mayar da su abin kullum. In ciwo ya fi ƙarfin waɗannan sai a hau sama, har zuwa mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, na ruwa da ake sha ta baki. Kuma ciwon da yake kullum a kan agogo ake ba da maganinsa, ba a jira sai ya dawo mutum ya fara ihu ba, mofin na ruwa yawanci duk awa huɗu ne.

Na san da jin sunan wasu za su ce a'a, kayan maye. Abin da codeine da tramadol suka yi wa yaranmu har gwamnati ta hana maganin tari mai codeine a 2018 ya sa kowa tsoro, har wasu ma'aikatan lafiya. Amma mai kansa da ta ci ƙashi wanda likita ya auna masa mofin daidai ciwonsa ba ɗan ƙwaya ba ne, kuma ba ya nufin an sallama shi, ba ya kuma gaggauta ajali in an bi yadda aka rubuta. A Yuganda wata likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa, cibiyar rage wa masu ciwo mai tsanani raɗaɗi, a 1993, suna haɗa mofin mai araha suna kai wa mutane har gida a ƙauyuka, daga baya har ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A nan gida Farfesa Olaitan Soyannwo ta asibitin koyarwa na Ibadan tana cikin waɗanda suka fara wannan fafutuka. Mu a arewa inda za a tambaya su ne manyan asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano, na Shika, na Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, da cibiyoyin lafiya na tarayya. Ku buɗe baki ku ce likita ciwon nan ya hana shi barci kwana da kwanaki, akwai masu kula da rage raɗaɗi a nan, akwai mofin na sha? In ba ku tambaya ba sau da yawa ba za a ce muku ba.

In an ba ku, babba ɗaya ne zai riƙe, a kulle, a auna da sirinji ba da cokali ba, a rubuta duk lokacin da aka bayar, gidan da ke da samari kun san dalili. Yana sa barci da tashin zuciya a kwanakin farko, wannan yana wucewa. Abin da ba ya wucewa taurin bayan gida ne, saboda haka tun ranar farko a karɓo maganin sassauta ciki tare da shi, a ƙara ruwa da gwanda. In mutum ya yi barcin da ba a iya tashinsa ko numfashinsa ya ja baya sosai, a dakata a kira asibiti. Akwai kuma ciwon da yake kamar wuta ko tsira allura a tafin ƙafa, masu HIV da masu suga suna yawan fama da shi, wannan nasa maganin daban ne, a kwatanta wa likita yadda yake daidai.

Aikin hannu

Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk awa biyu, dama, baya, hagu, da daddare ma ko sau biyu ne. Gyambon kwanciya yana farawa ne shiru a ƙugu, ƙashin gindi, diddige, kafaɗa, a fatarmu ba lallai ka ga ja ba, wurin zai yi duhu ko sheƙi ko ya fi sauran jiki zafi. Da ka ga haka kar a sake kwantar da shi a kan wurin. Filo tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai tashi daga katifa. Leda a ƙarƙashin zanin gado ba a jikinsa ba, zanin a miƙe ba tattara ba ɓurɓushin abinci, in ya jiƙe a canza nan take ko pampas ne. Wajen matsar da shi mutum biyu su kama zani su ɗaga, kar a ja shi. Bayan wanka a tsane jiki sosai a shafa man kaɗanya ko basilin. Mai shanyewar jiki a riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi ana miƙewa a hankali kullum, masu gashin ƙashi su nuna muku yadda ake yi sau ɗaya ku ci gaba a gida.

In gyambo ya riga ya buɗe a wanke da tafasasshen ruwa da ya huce da ɗan gishiri, a rufe da bandeji mai tsabta, ba toka ba man juye ba garin kafso. Ciwon da ke wari, irin na kansar nono da ta fashe, warin nan shi ke korar mutane daga ɗakin har mara lafiya ta fara jin kunyar kanta, to ana daka ƙwayar Flagyl ta yi laushi a barbaɗa a kai, cikin 'yan kwanaki warin yana raguwa sosai, ku tambayi nas ta nuna muku. Turaren wuta ba ya maganin wannan, tari kawai zai ƙara mata.

Safar hannu ana sa ta ne wajen jini, gyambo, kashi da amai, ko wane irin ciwo mutum yake, in babu a zura hannu a leda. Ba a sa ta don gaisawa ko ba da abinci. Zanin da ya ɓaci da jini a jiƙa shi minti goma a ruwan Jik ko Hypo, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa, sannan a wanke. Reza da burushi kowa da nasa. In allura ko rezar da ta taɓa jinin mai HIV ta yanki mai jinya, a wanke da sabulu a tafi asibiti ranar, akwai maganin kariya na kwana 28 amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma da wuri ya fi.

Baki ma a duba kullum. Farin abu kamar dusa a harshe da zafin haɗiya yana hana cin abinci kuma maganinsa mai sauƙi ne a asibiti. Kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, basilin a leɓe. Gudawa kuma ORS, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu a haɗa ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Abinci ba sai na kanti ba. Kunun gyaɗa, alale, faten wake, ƙwai, awara, miyar zogale, romo, kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi a cika masa kwano ya gani ransa ya fita. A zaunar da shi kafin a ba shi, ba a ɗura wa mutum a kwance, musamman mai shanyewar jiki, yana shaƙewa abincin ya tafi huhu. Mai suga da mai ƙoda nasu tsarin daban ne, a bi na asibiti, masu kawo Maltina su kawo sabulu da pampas ya fi amfani.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su a gida: ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, jijjiga, numfashi sama-sama, aman da ya hana magani zama, gudawa har fitsari ya ɗauke, idanu sun yi rawaya, ƙuraje da saɓar fata ko baki bayan fara sabon magani, jinin da ya ƙi tsayawa. Tun da rana tsaka a san motar wa za a tasa in abu ya faru ƙarfe biyun dare.

Masu dubiya

A taƙaita zama. Kar a cika ɗaki ana hira a kansa kamar ba ya nan, kar a kawo labarin wane ma haka ya yi kwana uku ya rasu. Mai mura ya yi gaisuwarsa daga waje. Kuma kowa ya zo da nasa maganin, wannan jiƙo wannan saiwa wannan lambar wani mai magani da ya ji a rediyo yana warkar da ƙanjamau cikin sati uku. Har yau babu maganin da ke raba mutum da HIV a kasuwa ko a gidan wani malam, abin da na sha gani shi ne a sayar da gona a kai, a ce ya ajiye na asibiti, bayan 'yan watanni a dawo da shi ya fi da lalacewa. Addu'a da tofi da rubutu ba wanda ya hana, amma ba a ajiye ƙwaya saboda su, jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba kuma ƙoda da hanta suke bugawa.

Ibada tana cikin abin da ke damun mara lafiya fiye da yadda muke zato. A samu malami mai sauƙin kai ya zo ya tabbatar masa taimama ta isar masa, salla a zaune ko a kwance ta yi, robar fitsari ba ta hana shi salla, azumi an ɗauke masa ya rama in ya warke ko a ciyar in ciwon ba mai tafiya ba ne. Mai HIV da jikinsa ya yi ƙarfi yana son yin azumi ya yi magana da asibiti a mayar masa da lokacin shan magani dare. Wanda kuma zai zo ya ce wannan sakamakon abin da ka shuka ne, a tare shi tun a zaure.

Ita mai jinyar a riƙa tambayarta ita ma, Yaya kin ci abinci, yaushe rabonki da barci. In ta fara faɗa da kowa ko kuka ba dalili ko ta ce wallahi wani lokacin ji nake dama a ce ya huta, ba muguwa ba ce, gajiya ce, a karɓe ta kwana biyu ta je gidansu. Yarinyar da aka cire daga makaranta don jinya a nemi yadda za ta koma.

In ƙarshe ya matso

Wani lokacin duk an yi abin da za a yi jiki sai ƙasa yake. Alamun sukan fito, barci ya yawaita, ya daina son abinci da ruwa, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa. A nan ɗura da ƙarin ruwa na dole ba sa ƙara masa komai sai wahala, a jiƙa masa leɓe da auduga, a kwantar da shi ta gefe, a ci gaba da maganin ciwo, in ya kasa haɗiya a tambayi asibiti yadda za a yi. A riƙa yi masa magana mai daɗi don sau da yawa yana ji, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba da takura ba, in Kirista ne a kira fastonsa. In ya ce shi a gida yake so ya cika a saurare shi.

Amma tun kafin a kai nan, lokacin da hankalinsa ke jikinsa, a ba shi dama ya yi maganar da muke gudu. In ya ce ni na san ba tashi zan yi ba, kar a rufe masa baki da haba daina faɗin haka, a ce me kake so a yi. Bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ajiyar mutane da ke hannunsa, takardun gida da gona, lambar sirrin waya da ta banki, wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, wa zai riƙe yara, a rubuta a gaban shaidu. Rashin wannan ne ke sa a kori mace da marayu daga gida kafin a yi arba'in.

Wankan gawar mai HIV kamar na kowa ne, safar hannu kawai, wadda dama ya kamata a sa wa kowace gawa. Ragowar mofin da sauran magunguna a mayar asibiti kar a bar su a kan taga. In matar ma tana shan magani, takaba ba ta hana ta fita karɓo shi, lalura ce, wani ya raka ta ko a karɓo mata da katinta, yaran da ba a taɓa gwadawa ba a kai su. Kuma jadawalin abincin nan da aka tsara kar a rushe shi ranar sadakar uku, a bar shi ya ci gaba ko zuwa fitarta takaba ne.